Dutsen da Rafi'u Bai Sauko Ba

A unguwar Ruwais ta Jidda aka haifi Abdulghani Na'ibi, a wani gidan katako da kwano daf da teku. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katagum da ƙafa don aikin hajji, ya sauke farali, bai koma ba. Abdulghani ya tashi da Hausa a cikin gida, Larabci a waje, kuma in ransa ya ɓaci yakan haɗa su duka a jimla guda. Da dako ya fara a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Daga baya wani kuku ya ga yana da tsafta, ya ɗauke shi aikin girki a jirgin da ke ɗauko shayi da shinkafa daga tsibirin Silan.

Yana da ƙanwa guda, Mastura. Mijinta Rafi'u kafinta ne, daga Hausawan Sudan, dogo, marar yawan magana. 'Yarsu ɗaya, Rabi, ƙyanda ta ɗauke ta tana da shekara huɗu. Tun ranar da aka binne ta Rafi'u ya ajiye zarto. Sai ya wuni a ƙofar gida yana kallon lungu.

Wata rana Mastura ta sami yayanta ta ce, "Yaya, ka tafi da shi jirgi. Ko iskar teku za ta taimake shi. Ni na gaza."

Haka aka yi. Abdulghani ya roƙa masa aikin gyaran katako, suka tashi tare a shekarar 1963.

A Kolombo, babbar tashar Silan, injin jirgin ya lalace, aka ce gyara zai ɗauki kwanaki. Wakilin kamfani ya ga ma'aikata sun gaji da zama, sai ya shirya musu yawon wuni guda zuwa wani dutse da mabiya addinin Buda ke ziyarta. Abdulghani bai taɓa iya faɗin sunan dutsen daidai ba. Da farko ma cewa ya yi ba za shi ba, me zai kai Musulmi wurin gumaka? Jagoran da aka kawo, wani Musulmin ƙasar mai suna Yahya, ya taɓa zuwa hajji, yana ɗan jin Larabci. Ya ce, "Kallo kawai za ku yi. Ku cire takalmi, ku sassauta murya, kamar yadda kuke so baƙo ya yi a masallacinku."

Rafi'u, wanda ya yi watanni bai nuna yana son komai ba, ya ɗaga kai ya ce, "Ni zan je." Saboda haka Abdulghani ya bi shi.

Da sassafe suka shiga mota, suka ratsa gonakin shinkafa da na kwakwa, da hantsi suka isa gindin dutsen. Matakala ce aka sassaƙa a jikin dutse, ta yi sama har ta shige gajimare. Mutane na hawa, maza da mata cikin fararen kaya, kowa da fure a hannu. Wasu samari sun ɗauko tsohuwarsu a kan kujera. Abdulghani ya ce abin ya ba shi mamaki, domin da ya dube su daga baya sai ya ga kamar alhazai cikin harami.

A tsakiyar hanya akwai kogo da aka mayar wurin ibada. Ciki da duhu da sanyi, ga ƙamshin man kwakwa daga ƙananan fitilu. Wani ƙaton mutum-mutumi na kwance a kan gefensa na dama, tsawonsa ya fi na kwalekwale, ido a lumshe. Yahya ya ce musu a hankali, "Malaminsu ne. Sun ce haka ya kwanta ranar da zai bar duniya." Masu hidimar wurin, kai a aske, cikin mayafi ruwan goro, suna karatu da murya ƙasa-ƙasa. Abdulghani ya waiga ya ga Rafi'u ba mutum-mutumin yake kallo ba. Wata 'yar yarinya yake kallo, tana ɗage don ta ajiye furenta.

Suka fita suka yi sallar azahar a bayan wani ƙaton dutse, suka ci gaba da hawa. Can sama hazo ya rufe su, har mutum ba ya ganin wanda ke gabansa sosai. Rafi'u ya damƙi hannun Abdulghani.

"Ka ji?"

"Na ji me?"

"Ta ce Abuya."

Haka Rabi ke kiran mahaifinta. Abdulghani ya ce, "Ka yi salati, ya shekh. Yaran mutane ne. Yalla, mu je."

A ƙolin dutsen akwai farar ƙubba da ƙararrawa a gefenta, wadda duk maziyarci ke bugawa in ya iso. Suka cire takalma a bakin fili. Yahya ya ce a zagaya ƙubbar a ga zanen da ke bayanta. Shi ne gaba, sai Abdulghani, sai Rafi'u a bayansa, har yana jin numfashinsa. Da suka ɓullo ta ɗaya gefen, Abdulghani ya juya zai yi masa magana. Babu kowa.

Ya koma baya, ya sake zagayawa. Takalman Rafi'u na nan kusa da nasa. Ya yi kira da Hausa, ya yi da Larabci, har muryarsa ta dushe. Masu hidimar wurin suka bar karatunsu suka bazu cikin hazo da sanduna, suna leƙa ramuka da gefen gangare. Wani tsoho cikinsu ya zaunar da Abdulghani ya ba shi ruwa, ya zauna kusa da shi, ba su da harshen da za su yi magana da shi. Washegari 'yan sanda suka zo, aka bi ƙasan dutsen. Ba a ga gawa ba, ba a ga tsummansa ba. Da aka gama gyaran inji jirgi ya tashi.

Mastura ta saurari labarin duka ba ta yi kuka ba. Ta karɓi takalman ta sa a ƙarƙashin gado. Da dangi suka ce a je wurin alƙali a raba auren, ta ƙi. Ba ta taɓa ɗora wa yayanta laifi ba, shi ma bai ce laifinsa ne ba. Amma bai sake hawa jirgi ba. Ya koma unguwar Mahjar ya kafa tukubar tsire, ya zauna tare da matarsa da 'ya'yansa.

Maƙwabtansa sun san shi da abu biyu. Ba ya yarda wanda suke tafiya tare ya bi bayansa, ko ɗansa ne, sai ya tsaya ya ce, "Wuce gaba." Sannan in mai kananzir ya shigo lungu da jakinsa yana kaɗa ƙararrawa, sai hannunsa ya tsaya a kan nama har ƙarar ta yi nisa. Sau ɗaya ya gaya wa matarsa cewa ran nan, da yake kira cikin hazo, ya ji dariyar yarinya kusa da shi. Ya ce akwai yara a kan dutsen, ya sani. Amma ya san irin dariyar Rabi.

Bayan shekara goma sha ɗaya wani matuƙin jirgi mutumin birnin Adan, Husaini, ya tsaya cin tsire, hira ta kai su Silan. Ya ce shi ma an kai su wani dutse, sun ga wani dogon baƙin mutum da furfura yana gyara katakon rumfar maziyarta. Ya yi masa sallama, mutumin ya amsa da Larabcin Hijaz, ya ci gaba da aikinsa. Husaini bai tambayi sunansa ba, bai kuma tuna sunan dutsen ba.

Abdulghani ya rufe tukuba ya tafi Ruwais ya gaya wa Mastura. Ta dube shi ta tambaya:

"Aiki yake yi?"

"Haka ya ce."

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa."

"To, halas, shi ke nan," in ji ta. "Alhamdu lillahi."

Cikin watan nan ta je wurin alƙali da kanta, aka raba auren. Daga baya ta auri wani tela a unguwar Ammariyya, suka zauna lafiya.

Abdulghani dai bai samu wannan sauƙin ba. 'Ya'yansa suka ce za su haɗu su tura shi Silan ya duba da idonsa. Ya yi ta shiri yana fasawa. Ya ce in ya je ya tarar ba shi ba ne, to ya sake rasa shi ke nan, kuma ba zai iya sake saukowa daga dutsen nan shi kaɗai ba. Ciwon ƙirji ya kama shi a 1978, ya rasu bayan ƙaramar salla. Babban ɗansa ne ya ci gaba da riƙe tukubar.