Usta Jibirin da Fijon da Ke Bayan Ɗakin Girkinmu

Kowace Alhamis da hantsi, kafin ya buɗe garejinsa, Usta Jibirin yakan biyo ta gidanmu a Omdurman da sifana biyu a aljihun jallabiya. Zai gaida mahaifiyata, Hajja Tasalla, ya wuce rumfar da ke bayan ɗakin girki, ya yaye tamfol daga kan tsohuwar Fijon mahaifina. Zai duba baƙin mai da ruwan lagireto, ya leƙa ko ɓera ya ci waya, ya mayar da kan batir, ya tayar. Ba ya kashewa sai injin ya ɗauki zafi sosai. Daga nan ya zaga unguwa da ita sau biyu, don kada birki ya kama ko taya ta kwanta ta gefe ɗaya. Sai ya rufe ta, ya sha shayin Hajja a tsaye, ya tafi. Shekara goma sha tara yana wannan.

Da motar nan mahaifina, Ibrahimu, ya yi jigila tsakanin Khartoum da Madani, kuma Usta ne makanikinsa tun tana sabuwa. Da ya rasu, Hajja ta ce ba za a sayar ba. Babu kuma mai tuƙa ta, don ni ina aiki a Jidda, ni kaɗai ne ɗanta. Bari in tona wa kaina asiri: ni ne na fi kowa matsa mata a sayar wa masu tsohon ƙarfe. Har na taɓa tsokanar Usta, na ce ya zama likitan gawa.

Bai ko ɗago daga injin ba. "Ya waladi, ɗana, mota ba tafiya ke kashe ta ba, zama ne. In ba ka so ta mutu, ka riƙa gaishe ta."

Da yaƙi ya ɓarke, masu bindiga suka shiga bin gidaje suna kwashe motoci. Hajja ta ƙi fita daga gidan mijinta, ga ciwon sukari, ni kuma ba hanyar zuwa. Maƙwabciyarmu Mawahib ce ta ba ni labarin abin da Usta ya yi a makon farko. Ya kwance tayoyin huɗu ya tura ƙarƙashin gadon Hajja. Ya cire batir, ya naɗe kafireta a tsumma ya cusa cikin buhun dawa. Ya ɗora motar kan bulo, ya shafe ta da tsohon baƙin mai, ya watsa mata ƙasa, ya bar ƙofa a buɗe har kaji suka mayar da kujerar baya gidansu. Hajja ta yi kuka ranar.

"Usta, haka za ka wulaƙanta amanar Ibrahimu?"

"Ma'alesh, yi haƙuri ya Hajja. Mai kyau suke nema. Bari ta yi muni ta zauna gida."

Sau biyu masu bindigar suka shigo. Na biyun har ɗaya ya harbi bulon da ƙafa yana dariya, suka fita. Motar da ke da tayoyi a layinmu kuwa babu wadda ta kai ƙarshen wata. Abin da ba su sani ba, duk mako Usta yana zuwa, ya zuba ɗan mai ta ramin filogi, ya juya injin da sifana, da hannu, don kada ya daskare.

A wata na biyar allurar sukarin Hajja ta lalace a firij saboda rashin wuta, ta faɗi da azahar ba ta san wanda ke kanta ba. Asibitin da ya rage yana aiki yana can arewacin gari, kuma ko keken jaki babu a unguwar. Mawahib ta ruga gidan Usta. Mata suka jawo tayoyi, maza suka tatso fetur daga janaretocinsu har ya kai rabin jarka. Usta ya ɗaura tayoyin, ya mayar da kafireta. Batir ya riga ya mutu, sai aka tura. Ta yi tari sau ɗaya, ta kama. Dattijo mai shekara kusan saba'in ya ratsa shingayen masu bindiga uku da mota mai warin kashin kaji, Hajja na kwance a baya kan cinyar Mawahib. Likita ya ce da an ƙara awa ɗaya, da sai dai haƙuri.

Ammu Jibirin, baffanmu na unguwa, kai ne mai kunnen inji, wanda ke gane ciwon mota tun daga bakin layi. Kai ne ka yi shekaru kana aikin da ba mai kallo, muna yi maka dariya, ba ka fasa ko mako guda ba. A watan nan na ji ka rufe gareji saboda ido ya yi rauni. Ina jin kunyar maganar da na faɗa maka, kuma ina son mutane su ji ina neman yafiyarka.

Ku da aka bar wa ajiya, ko mota ce, ko gida, ko tsohuwar wani, ku yi koyi da shi. Ku riƙa leƙawa tun ba a buƙata, domin ranar da za a buƙata ba za a sami lokacin gyara ba.

Na gode, Usta. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara hasken ido. Jiya na kira Hajja ta bidiyo, ta kwashe rabin awa tana yi mini faɗa wai na rame, ba na cin abinci. Na yi ta saurare, ban so ta gama ba. Ba don kai ba, da yau babu mai yi mini wannan faɗan.