Gudun Yaya Idrisa da rantsuwar Baba Sale

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Idrisa, mai ɗinkin takalman markub a kasuwar Gadarif ta ƙasar Sudan, wanda mutanen gari suka fi sani da mutumin nan mai gudu ba a kore shi ba. A irin wannan lokaci na ƙarshen shekara, an gama yankan riɗi, dawa ta fara shigowa kasuwa, yakan rufe rumfa da wuri ya tafi shagon intanet na bayan tasha. Can zai zauna yana buga rubutu da yatsa ɗaya, yana ba da labarin gudunsa na shekarar a shafinsa. Da Larabci yake rubutawa, amma in abin ya kai masa zuciya sai Hausa ta kutso kai. Masu karantawa ba su da yawa, rabinsu ma dangi ne da ya tilasta wa, ni ne na farkonsu.

Ya fara gudu ne bayan ya haura arba'in, da likita ya ce zaman rumfa na nema ya kwantar da shi. Da dogon wando yake yi, don a wancan zamani namu gajeren wando na iya kai magidanci gaban alƙali. Burinsa guda ne: ya yi gudun yada-ƙanin-wani, kilomita arba'in da biyu, ko sau ɗaya a rayuwarsa, ba tare da ya tsaya ba. Da yake ba a shirya irin wannan tsere a garinmu, sai muka auna masa da babur ɗina a hanyar Doka, daga bakin gari zuwa wani tankin ruwa da ke gefen titi.

Ƙafa ba ta taɓa ba shi matsala ba, numfashi ma haka. Mutuncin mutanenmu ne ya hana shi. A nan ba a ganin mutum a ƙasa a wuce shi. Direban lori zai taka birki, ya ce lallai sai ya hau, wai ko an yi rasuwa ne yake wannan sauri. Kowane ƙauye da mai cewa “itfaddal”, wato bismillah, ga shayi a wuta. Shi kuma Yaya ba ya iya wuce dattijo bai tsaya sun gaisa ba, gaisuwar nan tamu kuwa sai an tambayi kowa da kowa har awaki. Shekara bayan shekara yakan rubuta cewa bana ma ya sha shayi fiye da yadda ya yi gudu.

Da gwiwarsa ta fara yi masa gargaɗi, sai ya ce mini bana ce ta ƙarshe, in bai yi ba shi ke nan. Na bi hanyar ƙauye-ƙauye ina roƙon jama'a su bar shi ya wuce ranar. Wasu suka yi dariya, wasu suka tambaye ni a ɓoye ko mun kai shi wajen malam, amma duk suka amince. Ranar muka fita bayan sallar asuba, ana sanyi, ina gaba a kan babur ina ɗaga wa direbobi hannu su wuce. Ban taɓa ganin ya yi gudu mai kyau irin na ranar ba. Hantsi na ɗagawa muka fara hango tankin.

Daidai nan akwai wani kambo, wato sansanin bukkoki na ma'aikatan gona, mazaunin wani dattijo Bahaushe, Baba Sale. Saƙona bai same shi ba, yana Fashaga wajen girbi, jiya-jiya ya dawo. Da ya ga mutum jiƙe da gumi zai wuce ƙofarsa, sai ya fito tsakiyar titi ya ware hannu. Na yi ta bayani daga kan babur, ko kallona bai yi ba.

“Ya zol, kai bawan Allah, na rantse da sakin matata, ba za ka wuce ba sai ka zauna ka sha shayina,” in ji shi.

Malamai sun sha hana irin wannan rantsuwa, amma ta zauna a bakin tsofaffinmu. Kafin kowa ya ce uffan sai muka ji muryar mace daga cikin bukka, ba ta ko ɗaga ta ba: “Ɗana, igiyar aure biyu sun riga sun tafi a kan baƙi irinka. Wannan ce ta rage.”

Yaya yana tsalle a wuri ɗaya don kada ƙafa ta huce. Na ce masa ya wuce kawai, ba za a rasa malamin da zai nemo wa tsohon mafita ba. Ya dubi tankin, ya dubi bukkar, sai ya cire takalmi ya zauna a tabarma. Bayan shayi aka kawo asida, tuwonmu na nan, bayan asida aka kama zakara. Da ya zo tashi ƙafafun sun ƙage, a bayan babur na kawo shi gida. Ina ta jin haushi har muka iso, shi kuwa sai yabon miyar yake yi.

Abin da ya rubuta a ƙarshen wannan shekarar gajere ne. Ya ce bai kai tankin ba, kuma da alama ba zai kai ba, amma ya ga ƙafarsa za ta iya, wannan ya ishe shi. Ya ce kwana ya yi da daɗi. Gwiwar ba ta sake barin sa ya yi nisa ba, bayan shekara biyu kuma zazzaɓi na 'yan kwanaki ya tafi da shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga Gadarif ta yau. Samari suna fita gudu da safe rukuni-rukuni, da takalma masu sheƙi, kowa da waya a hannu, ba mai tare su domin an saba. Ina jin zai yi murna, kuma zai ce ba su iya gaisuwa ba. Layin mai kuwa da ya sa rabin gari tafiya a ƙasa, na san sai ya ce ashe duk almajiransa ne, jinkiri kawai suka yi. Shagon intanet ɗin ya koma wurin sayar da katin waya. Shafin nasa yana nan, nakan buɗe shi duk ƙarshen shekara, in yi dariya, in yi kewarsa ƙwarai.

Ba shi da lambar yabo ko ɗaya da za mu rataya. Abin da na riƙe shi ne ranar uku da rasuwarsa, da wata lori ta tsaya a ƙofar gidanmu, Baba Sale ya sauko yana riƙe da hannun wata tsohuwa. Ban taɓa ganin fuskarta ba, muryarta kawai na sani. Mata suka tambaye ta ko dangi ce, ta nemi wuri ta zauna a cikinsu.

“Ni ce wadda ya tsaya dominta,” in ji ta. “Har yau ina ɗakina.”

Allah ya jiƙan Yaya Idrisa, ya sa ya isa inda ya nufa.