Mai Masaukinmu na Turkiyya

Ƙanwata ta daina cin abincin gidan ɗanta ne a damunar da kwatamin unguwar Aboabo ya cika har ruwa ya shiga shagunan mutane. Ba faɗa suka yi ba. Matarsa za ta kawo mata koko da ƙosai da safe, ta ce a ajiye, daga baya a mayar da su yadda suka zo. Da rana a kawo shinkafa da wake, su ma haka. Mace ce mai ciwon suga, ga ta ta koma rayuwa da shayi da ɗan biredin da maƙwabciya ke miƙo mata ta katanga. Da ta fara jiri in ta miƙe daga salla, sai aka aika makaranta a kira ni, don ni ne babba a abin da ya rage na gidanmu.

Ɗan nata magidanci ne, da gemunsa da 'ya'yansa. Sana'arsa gidan gem: kontena a bakin titi, talabijin a jere, benci, samari da masu babur su biya su buga ƙwallo da yatsu. Ban taɓa gane hikimar mutum ya yi gumi a zaune ba, amma da wannan yake ciyar da iyalinsa da uwarsa, kuma in an kira salla yana kashe komai ya kora su masallaci. Shi ya sa ban taɓa tsoma masa baki ba.

Na same shi a soro, na ce ya faɗa mini abin da ya yi wa uwarsa.

"Kawu, wallahi ban yi mata komai ba. Tsada ce. Ka san duk kayan wuta in sun kwana biyu arha suke yi. Injin gem kuwa, kullum yana tsufa yana ƙara kuɗi. Wanda na saya bara, bana ba zan iya kallonsa ba."

Na ce to ya zama goro daushe ke nan, don shi kaɗai na sani yana shekara darajarsa ta hau.

Ya ce ba nan gizo ke saƙa ba, ya gyara zama, ya ce injin ma ba shi ne babbar matsala ba. Injin fanko ne. Sai ka sayi wasan ta intanet, kowace shekara sabo, ga kuɗin wata-wata. Kafin kamfanin ya sayar maka, sai ya tambaye ka ƙasar da kake zaune, ya jero maka ƙasashe ka zaɓa, kowace da farashinta. Waɗanda kamfanin ya duba ya ga suna cikin matsi, ya yi musu ragi.

"To madalla," na ce, "ai mu za a ba mu kyauta."

"Kawu, Ghana ba ta cikin jerin."

Abin ya ba ni mamaki. Ashe talauci ma sai an yi maka rajista.

Abin da ya yi shi ne ya zaɓi Turkiyya, inda wasan ya fi arha a lokacin, ya kwafi adireshin wani otal ya liƙa. Komai ya tafi daidai har ranar da uwarsa ta ji shi yana wa abokinsa dariya a tsakar gida yana cewa shi yanzu Baturke ne.

Na shiga ɗakinta. Tana kan darduma, carbi a hannu, fuska ta faɗa.

"Yaya Malam," ta ce, "sau nawa aka tsayar da ni a layin katin ɗan ƙasa ana tambayata inda aka haifi kakana? Sau nawa na rantse a nan aka binne cibiyata? Mun yi tsufa muna roƙon a yarda mu 'yan nan ne, shi kuma don a rage masa kuɗin ƙwallo ya ce shi ɗan wata ƙasa ne. Abincin ƙarya ba zai shiga cikina ba."

Daga bakin ƙofa ɗan nata ya ce, "Mma, ko Amurka na zaɓa ai ƙaryar ce. Sai dai ita mai tsada ce."

"To rufe shagon."

"Mu ci me?"

"Ni dai ka ga abin da nake ci."

Na nemi su ba ni lokaci. Na duba littattafan da na gada, har da 'yan bayanan ajami da malamanmu suka bari a gefen shafi, ban ga babin mutumin da babu ƙasarsa a kanti ba. Na tambayi abokai biyu a inuwar masallaci. Ɗaya ya ce gem ɗin ma gaba ɗaya a ƙone shi. Ɗayan ya ce a yi sassauci, kuma na san ɗansa ne mai kontenar gem da ke bayan tasha.

Amsar ta zo mini ne ina tafe a unguwar Alabar, na bi ta ƙofar tsohon gidanmu. Mahaifinmu mai masauki ne na fataken goro da na shanu. Baƙo zai taso daga Dosso ko Sakkwato bai san kowa ba, ya kawo goro, a yi fatiha, shi ke nan ya zama na gidan. In an tambaye shi a kasuwa shi na ina ne, ya ce na gidan wane ne, kuma babu mai cewa ya yi ƙarya, ko da a kan lodinsa yake kwana bai taɓa shimfiɗa tabarma a gidan ba. Mai masauki ya tsaya masa, a ba shi la'adarsa. Haka aka gina Zongo, unguwannin baƙi da muke zaune a ciki.

Ina da tsohon ɗalibi da ya samu tallafin karatu a Turkiyya, ɗan wani dattijo mutumin Nijar mai sayar da tayoyi a unguwar Dichemso. Bayan la'asar muka sayi goro fari, ni da ɗan ƙanwata, muka je. Dattijon ya saurare ni har ƙarshe, ya kira ɗansa a waya ta yadda muna ganin juna. Ga yaron cikin rigar sanyi, cokali a hannu, gado a kan gado a bayansa.

Na ce na kawo masa baƙo.

"Malam, ɗakin nan fa ko sallaya sai mun bi layi muke shimfiɗawa."

"Ba zuwa zai yi ba."

"To in ba zai zo ba, Malam, ya zauna har tashin ƙiyama."

Uban ya yi gyaran murya. Ya ce shi a gidansu ba a saukar baƙo a baki kawai, yaya maganar la'ada? Aka daidaita a kan kwanon tuwo da nama duk Juma'a, a kai wa uwar yaron. Muka ɗaga hannu muka yi fatiha, yaron ya ajiye cokali ya shafa daga can. Aka fasa goro, aka nuna wa waya rabonsa, uban ya cinye masa. A nan take ɗan ƙanwata ya goge adireshin otal ya sa na ɗakin mai masaukinsa.

Da na koma na zayyana wa ƙanwata, sai ta dube ni.

"Yaya, tsakaninka da Allah, ya halatta?"

Na ce abin da na sani, yanzu yana da gida a can, mai gidan ya san da shi, ya karɓe shi a gaban shaidu, kamar yadda Baba yake karɓar mutane. Abin da ya wuce haka Allah ne masani. Ta ja carbi kaɗan, sannan ta ɗaga murya ta tambayi surukarta ko akwai sauran miyar ayoyo.

Na ɗauka magana ta ƙare, na manta a Zongo muke. Kafin wata ya juya, duk mai kontenar gem daga Aboabo zuwa Alabar ya bi hanyar Dichemso da ƙullin goro. Ɗakin nan da ba ya ɗaukar sallaya biyu ya zama gidan rabin samarin unguwa. Ranar Juma'a kwanuka har bakin titi, sai da dattijon ya sayi firji. Abokansa suka naɗa shi Sarkin Turkawa, shi kuma bai ƙi ba, har ya sauya hula.

Ko kamfanin ya lura matalautan Turkiyya sun yawaita farat ɗaya kuma duk ƙwallo suke so, ko kuwa wani dalilinsa ne, ban sani ba. An dai wayi gari farashin can ya tashi, ya kamo na ƙasashen masu kuɗi. Masu kontena suka watse, kowa na cigiyar inda arha ta koma. Kwanukan Juma'a suka ragu.

Ɗan ƙanwata ya tare ni a tsakar gidansu, muna zaune ana zuba abincin rana. Ya rage murya.

"Kawu, ba ka da ɗalibi a Indiya?"

Kunnen uwarsa ba ya tsufa. Ta ajiye lomar da ta ɗauka.

"Me za ka yi a Indiya?"

"Mma, can ya yi tsada. Kowa ya tashi."

"Ka ci arziƙin mutum lokacin arha, tsada ta zo ka naɗe tabarmarka? A gidan ubanmu ba a sauya mai masauki sai mutuwa ko cin amana. Ya mutu?"

"A'a."

"Ya ci amanarka?"

"Mma, ko ganina bai taɓa yi ba sai a waya."

"To ka ga mutumin kirki."

Ta sa yatsa ɗaya ta tura kwanon gabanta, kaɗan kawai, yadda zai gani. Ya juyo gare ni yana neman ceto. Ni da na kawo hukuncin da bakina, sai na ɗauki moɗa na sha ruwa a hankali.

"Na zauna," ya ce. "Zan ƙara wa yara kuɗin wasa, wanda zai gudu ya gudu."

Ta jawo kwanonta ta ci gaba da ci. Can ta kira surukarta ta ce, "Juma'ar nan ki ƙara nama a kwanon gidan mai masauki. Na ji an ce abubuwa sun yi tsada a ƙasarsu."