Gayyar Ajin Malama Hulda

Malama Hulda Azariya ta tsufa da alli a hannu, tana koyar da ilimin noma a wata sakandare kusa da Nok. Shekarar da cuta ta cinye citta a gonaki, ita kuma babur ya kayar da ita, ƙafa ta karye. Aka kai ta gidan ƙanwarta a Kafanchan, ta kwanta tana jin ƙarar kasuwa daga nesa, zuciyarta tana can ajin ƙarshe, wajen yaran da za su zauna jarrabawa.

Sai ta buɗe musu shafi guda a intanet, wanda kowa zai iya shiga ya yi rubutu da wayar gidansu. Ta raba shi da sunaye, kowa da layinsa, kamar kunyoyin gona. Da hantsi takan jingina da filo tana kallon kalmomi suna tsirowa. Layin da ta fi ɗokin gani shi ne na Irene, yarinya mai shiru wadda Malama take fata za ta kai jami'a. Kullum layin a cike yake. Malama takan rubuta a ƙasa, "Madalla, 'yata," hankalinta ya kwanta.

Da ƙafa ta warke ta koma, tana dogara sanda. Yara suka tashi da ihu.

"Malama, kin yi ƙiba fa!" in ji Obadiah, shugaban ajin. "Kafanchan ya karɓe ki."

"Kai kuma har yanzu kanka ya fi littafinka girma. Ina Irene?"

Stella, ƙawar Irene, ce ta amsa, ido a ƙasa.

"Ta tafi Abuja wajen antinta, Ma. Tun da cittarsu ta ruɓe. Tana taya ta sayar da abinci."

"To wa yake rubuta layinta?"

"Mu duka," in ji Obadiah, da mamakin tambayar. "Ai in mutum bai zo gayya ba don damuwa, ba a barin gefensa da ciyawa. Mun ce kada ki ga wurinta babu komai, ga ki da ciwo."

Ba ta yi musu faɗa ba. Haka iyayensu suke noma, haka ita ma ta tashi ta gani. Amma an riga an zo an ɗauki hoto da zanen yatsan masu jarrabawa, an rufe rajista. Da ta ga layin fayau tun farko, da ta buga waya, da ta tura fasto gidansu, da ko da sanda ta shiga mota.

An yi jarrabawa babu Irene.

Bana wani aji ne a gabanta, da sabon shafi. A can ƙasa ta sa sunan Irene, ta aika wa antin hanyar shiga, ta kuma gargaɗi yara kada wanda ya taɓa wurin. Idan an tashi makaranta takan zauna ƙarƙashin mangwaro, inda waya ta fi kamawa, ta gangara da yatsa har ƙarshen shafin. Wurin fari ne tas. Takan daɗe tana dubansa kafin ta nemi babur ɗin komawa gida.