Kilishin Kawu da Layuka Masu Lanƙwasa

Jiya na kwance tsohuwar kwamfutar gidanmu, na ga siraran layuka sun lanƙwashe kamar sawun maciji. Na rantse wa abokina cewa gyangyaɗi mai zanen yake yi. Ban rufe baki ba na tuna Kawu, yayan mahaifiyata, kunya ta kama ni.

Aikinsa ke nan har ya rasu, zana hanyoyin saƙo a cikin cip, wato 'yar ƙwaƙwalwar waya. Ɗakinsa a unguwar Mabera kullum ƙaurin dalma da ƙamshin shayi.

Wata la'asar ya ajiye kilishi a tabarma, ya ce ba mai ci sai ni da ƙanwata mun rugo mun taɓa shi a tare, daidai lokacin da zai tafa hannu. Na taho kamar jirgin sama, na baro ta.

"Kai, sarkin gaggawa! Tahin ga shi na agogon cip. Saƙon da yar riga ɗan'uwanai isowa ɓarna shika yi, shi as sa muka lanƙwasa gajeren layi, shi ƙara tsawo su iso tare. Tahi ka kewayo rijiya."

Na kewayo, sai ta riga ni. Muna ta sakewa har Kawu ya cinye kilishin yana dariya.

Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya haɗa mu a Aljanna.