Ƙwayar da Nake Sha da Koko

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci nake cikin ta biyu da hawan jini. Duk wata nakan hau babur daga Sakajiki zuwa asibitin Ƙaura in karɓo magani. Wata rana wata malamar asibiti, yarinya sa'ar ɗiyata ta fari, ta keɓe ni ƙarƙashin dalbejiya da takardar tambayoyi a hannunta. Ta ce daga Turanci aka mayar da ita Hausa, ana son a san yadda masu ciwo irin nawa ke kula da kansu.

Na amsa ta gishiri, na amsa ta barci. Sai ta karanto: "Kina shan ƙwaya kullum?"

A makon nan aka yi wa wani bulala a Kasuwar Daji saboda shan ƙwaya, kowa maganar yake. Na ɗan yi karatun yaƙi da jahilci, don haka na leƙa da idona, ga kalmar nan a rubuce, ga bironta a kai.

"A'a," na ce. "Ban taɓa ba."

Ta dube ni, ta rubuta.

Na koma gida da tsoro biyu. In an ce ina sha, sunana ya ɓaci har gaban alƙali. In kuma likita ya ɗauka maganinsa ne ba na sha, zai iya cewa ɓarnar magani nake, ya daina ba ni. Ko maigidana ban gaya wa ba.

Bayan 'yan kwanaki sai ga ta har cikin gida, da sabuwar takarda irin ta ranan. Na ce a raina, shaida ake maimaitawa. Na shimfiɗa mata tabarma.

"Inna, tambayoyin ranan za mu sake. Haka aikin yake, a gani ko amsa za ta zo ɗaya."

Da ta iso kan tambayar ƙwayar, sai ta dube ni ta ce:

"Inna, ki bar amsa tukuna. In kin ji an ce ƙwaya, mi ke zo maki a rai?"

"Abin da yaran tasha ka sha, su yi ta layi."

Ta aje biro a cinya. "To abin da likita ya ba ki fa?"

Na tashi na ɗauko gwangwanin da nake ajiya a bayan kwalla, na buɗe mata. "Wanga magani ne, ɗiyata. Ina shan shi da koko, ban tsallake ko rana ba."

Ta riƙe baki. "Shi ya sa! Duk matan Zurmi da na tambaya a'a suka ce mani. Har na fara cewa ba wadda ke sha."

Ta ja layi kan kalmar, ta rubuta "maganin asibiti" a samanta, ta miƙo mani in karanta da kaina. Na bi da yatsa a hankali har ƙarshe. Sannan ta sake tambayata.

"I," na ce. "Kullum."

Sai na tambaye ta, "Takardar farkon fa? Tana hannun likita?"

"Tana jakata, Inna. Ba wanda ya gani."

Sai a lokacin na tuna ban ba ta ko ruwa ba.