Na Kashe Masa Ido, Ya Shiga Ramin Zinariya

Edita, a shekarun baya ni masinja ne a wani ofis a Gummi. Aji uku na yi a boko na gudu, amma Allah Ya ba ni baki. Akawunmu yana da wani wasa a tsohuwar kwamfutarsa, ba hoto ba kiɗa, rubutu zalla. Na'urar za ta ce kana bakin kogo, ga fitila, ga hanya ta yi gabas, kai kuma ka rubuta abin da za ka yi. Shi ya fassara mini Turancin, ni in ba da umarni, dodo ya cinye mu, mu sake daga farko.

Da na koma ƙauyenmu a yankin Bukkuyum sai na zama kwamfutar da kaina. Bayan la'asar a gindin durumi nakan ce wa dattawa ga su a bakin kogo, me za su yi? Wannan ya ce a ɗau fitila, wancan ya ce a fara bismilla tukuna. Har liman yakan tsaya, wai takalminsa yake gyarawa. Don abin ya ƙara armashi sai na sa kogon a tsohon ramin zinariyar bayan gonakinmu, wanda anka bari tun ɓarnar gubar dalma, na ƙaga masa ƙofar ƙarfe da tukunyar zinariya. Aminina, manomi mai saurin yarda, ya ja ni gefe ya tambaya ko da gaske nake. Ni sarkin wayo, sai na kashe masa ido.

Washegari da hantsi Innarsa ta dogaro sanda ta zo, ta ce ya fita da igiya da tocila. Munka ruga ramin, munka tarar gefensa ya rufta, ƙasa ta danne masa ƙafa, yana kira daga ciki. Jama'a sunka ce a jira mahaƙa daga Nasarawa Burkullu. Na ce ni na tura shi, ni zan ɗauko shi. Anka ɗaura mini igiya, da tumbina da komai, anka zura ni. Da hannu na tone. Ina tono yana ce mini tsohon banza, wai ina tukunyar take. Ni ina ce masa ya ajiye zagin sai mun ga rana.

Ya fito da rai, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Tun daga nan ni nake huɗa masa gona kowace damina, kuma ba zan fasa ba sai an kai ni kushewa. Wasan ma ban bari ba, sai dai yanzu kogona yana ƙasar da mota ba ta zuwa.

Masu baki irina, in an tambaye ku gaskiya ku faɗe ta nan take, ko da labarin zai lalace. Ni kullum ina jin takun ɗingishin aminina kafin in gan shi.